Ruwa Ya Yi Gyara

Bana bazara ta daɗe a kanmu. Mu da muke Limawa, duwatsun nan su wuni suna shan rana, da yamma kuma su amayar mana da ita. Bango zafi, ƙasa zafi, ruwan randa kamar an sauke daga murhu. Ni dama ba mai fita ba ce. Tabarmata tana gindin darbejiyar tsakar gida, a nan nake wuni, mai shiga in gaishe shi, mai fita in ba shi saƙo.

Sa'adatu, matar ɗana, taliya take yi ta sayarwa, 'yar murji. Ta murza ta rataye a kan igiyoyi, tsakar gidan ya cika har sai ka sunkuya za ka wuce. Ita kuwa taliya in ruwa ya taɓa ta shi ke nan, ta koma ƙullu. Shi ya sa da damina ta matso ta sa wani abu a wayarta. Ran nan da hantsi na ji ta ce, "Hajiya, zo ki ga hadari."

Na ɗaga kai. Sama fes, ko gajimare babu.

"Ba can ba, Hajiya, nan."

Ta zauna a bakin tabarmata ta miƙo min wayar. Zane ne na ƙasa da sunayen garuruwa, ta nuna min Dutse a tsakiya. Daga gefen gabas kuwa ga wani abu kore-kore kamar an zubar da miyar kuka a faifai, tsakiyarsa da ja kamar an ɗiga manja. Ta taɓa wani wuri, sai abin ya fara rarrafe, yana nufo mu. Ta ce koren ruwa ne, jan kuma inda ya fi ƙarfi, da iska da tsawa.

Na ce, "Mene ne sunan wannan abu?"

"Rada."

"Raɗa? Ai kuwa ya ci sunansa. Wa yake raɗa masa?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ba raɗa ba, Hajiya, rada. Daga sama ake ɗauko hoton."

Kafin la'asar ta kwashe taliyarta tsaf, ina yi mata tsiya, wai waya ta zama malamin duba. Ba ta gama ninke igiyoyi ba iska ta taso, aka sheƙa ruwa. Ba kullum abin da wayar ta nuna yake cika ba, wani lokaci za ka ga koren ya taho da ƙarfinsa, yana zuwa kan Kiyawa ya narke kamar gishiri, mu kwana da gumi. Amma daga ranar na kamu. Azahar na yi zan ce, "Sa'adatu, duba mana mai raɗar nan."

Sai na ce ta nuna min wajen Aujara, inda ƙanena Sale yake noma har yanzu. Ta ɗora farcenta a wani ɗan wuri sama da Dutse. Na riƙe wurin a kaina. Kullum hadari ya taso, idona yana can. Ya bi ta kudu, ya jiƙa Birnin Kudu, wani lokaci ya yafa mana a nan, amma wurin farcen nan fari fat. Haka aka yi ta yi har na fara ƙin cin abincin rana.

Ranar wata Juma'a na kira Sale a 'yar ƙaramar wayata, Sa'adatu tana gefe tana ƙulla taliya a leda, tana jin mu. Muka gaisa, iyali, yara, awaki. Na ce, "Yaya ruwa?"

Ya ce, "Ruwa ya yi gyara, Yaya."

Da na kashe, Sa'adatu ta ce, "Hajiya, ai wajen su Baba Sale ko ɗigo ba a yi ba tun da muka fara dubawa. Me ya sa ya ce haka?"

Na ce, "Gaisawa muka yi."

Da ɗana ya dawo daga masallaci na ce ya nemi masara da gero ya sa a mota a kai wa Sale, kar ya kira shi ya tambaya ko yana bukata. Ya ce to. Sa'adatu dai ta yi ta kallona, ita gani take ko ƙarya Sale ya yi, ko wayarta ce ta yi. Babu wanda ya yi ƙarya. Amma akwai shekarar da amsar gaisuwar nan ta cinye mana damina guda, kuma tun ranar Juma'ar nan shekarar take zaune a ƙirjina.

Lokacin ina goyon fari, 'ya mace, ko zama ba ta fara ba. Muna wani ɗan ƙauye kusa da Aujara. Manyan gidan mu uku ne, ni da maigidana, Allah ya jiƙansa, wanda nake ce wa Malam, sai mahaifiyarsa Iya. Ita Auta take ce masa ko a gaban wa. Gonarmu guda ce, jigawa, a bayan gari. Ba ma kulle, talaka da gona ina ya ga kulle.

Shekarar ruwan farko ya sauka da wuri, mai kyau kuwa. Gari ya fita shuka. Malam yana gaba yana sara da sungumi, ni da Iya muna biye muna zuba iri muna rufewa da dunduniya. Gero ya fito, ya yi kunne, kana tsayawa a bakin gona ka ga layi-layi kore har ƙarshen ganinka. Daga nan sama ta rufe. Ganyen ya fara nannaɗewa da rana, da safe ya warware. Sai ya daina warwarewa. Ya yi ja, ya bushe, iska ta zo ta kakkarye shi ta tafi da shi.

Aka ce a yi binne, wato a zuba iri a busasshiyar ƙasa a bar wa Allah, in ruwa ya zo ya tarar da shi a ciki. Muka yi. Sai aka yi wani ɗan yayyafi wanda bai isa ya jiƙa bayan akuya ba, amma ya isa ya tashi irin daga barci. Ya tsaga, ya nemi ruwa bai samu ba, ya mutu a rami. Wanda bai tsaga ba ɓeraye da zabi suka tone.

A gida kuwa rumbu ya zo ƙasa. Malam ya shiga da tsintsiya ya share, abin da ya fito rabi ƙasa ne. Tuwo ya koma sau ɗaya a wuni, daga nan ya koma kunu, kunun ma tsararo, kana ganin gindin ƙwarya. Sai muka koma dusa, a kwaɓa ta da busasshen tafasa ko ganyen yaɗiya, a sa gishiri in akwai. Ɗaci ya zauna mana a baki, ko ruwa ka sha ɗaci. Rijiya ta yi nisa, igiyar guga aka yi ta ƙara mata tsumma har da tsohon zanen Iya. Nonona ya ja baya. Yarinyar ta kama ta tsotsa, ta saki ta yi kuka, ta sake kamawa, har ta gaji ta yi barci da bakinta a buɗe.

Ni abin da ya fi tsaya min shi ne shiru. Allah ya yi ni mai kunne. Da can daga ɗakina nakan san matar da take daka a gari ta salon taɓaryarta, wannan ta gidan liman ce, waccan ta gidan maƙeri ce. Shekarar nan turame suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Hantsi ya yi ba ka jin komai sai kukan kurciya da tarin tsofaffi. Maza sun fita roƙon ruwa da riguna a juye, an yi sadakar abin da ya samu, an dawo da ƙura a goshi.

Abu ɗaya ya rage mana, damin iri. Yana rataye a ɗakin Iya a saitin murhu, hayaƙi ya turare shi ya yi baƙi, haka ake yi don kar ƙwari su taɓa. Geron mahaifin Malam ne, mai doguwar zangarniya, tun yana raye shi ake zaɓa ana ajiyewa kowace kaka. Shuka biyu sun cinye sauran, wannan ne na ƙarshe. In ya tafi babu damina, ko da ruwa ya dawo. In na shiga yi wa Iya shara nakan tsinci kaina a tsaye ina kallonsa, yawu yana taruwa a bakina.

Iya takan ce, "Daina kallonsa, 'yar nan. Ba ya ƙaruwa da kallo."

Kullum bayan magariba kuma sai walƙiya ta fara wasa can gabas, ƙasa-ƙasa, babu tsawa, babu iska. Mutane su fito ƙofar gida su tsaya. Kowa ya ce ana ruwa a gabas. Wane gari? Babu wanda ya sani. Yanzu da nake kallon wayar Sa'adatu na gane walƙiyar da kake hangowa tana iya zama can bayan Azare, hadarin ma ya mutu a hanya bai iso kowa naka ba. Mu a lokacin idonmu kawai muke da shi, da bakin matafiya.

Cikin haka sai ga Kawu Ilu, ƙanin Iya, a kan jakinsa. Garinsu yana gabas da mu, hanyar Kafin Hausa, tafiyar wuni ce mai kyau. Ya ce ya zo gaida yayarsa ne. Dogo ne, dama can ba shi da jiki, saboda haka ramarsa ba ta ba mu mamaki ba. Ya sa wankakkiyar riga da hula.

Iya ta ja ni ɗaki. Ta jawo wata 'yar tukunya daga ƙarƙashin gadonta, ashe dawa ta ɓoye, ko ni ban san da ita ba. Ta ce, "Surfa wannan. Ki kama kazar nan a kai wa Auta ya yanka."

Na ce, "Iya, ita kaɗai ta rage."

"Na sani. Ƙanina ba zai zo gidana ya ci dusa ba, ya koma ya ce ya tarar da ni a wulaƙance."

Ranar turminmu ya yi magana, gari duk ya ji. Na tuƙa tuwo, na kaɗa miyar kuka da daddawa, na sa kazar. Ƙamshin ya cika gidan. Na kai zaure na dawo na tsaya a bayan zana, ina jijjiga yarinyar, ina jin su.

Malam ya ce, "Kawu, yaya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Yaya naku ruwan?"

"Ya yi gyara."

Sai ƙarar kwano kawai nake ji. Can Malam ya sake cewa, "Wajenku an yi shuka, Kawu?"

"An yi, alhamdu lillahi."

"Madalla."

Iyakar maganar ke nan. Kwanon ya dawo kamar an wanke, ko ƙashi babu. Mu muka kankare ƙanzo muka jiƙa muka sha. Da safe Kawu ya shiga ya yi sallama da Iya, ya daɗe a tsugune a bakin ƙofarta kamar mai son faɗin wani abu. Ta ce, "Ilu, da magana ne?" Ya ce, "A'a, Yaya, sai alheri. Na same ku lafiya, na gode Allah." Ya hau jakinsa ya tafi.

Ƙurarsa ba ta kwanta ba Malam ya shigo.

"Iya, kin ji abin da Kawu ya ce?"

"Me ya ce?"

"Ruwa ya yi gyara wajensu."

"Gaisuwa ce, Auta. Kai da ya tambaye ka, me ka ce masa?"

Malam ya sosa ƙeya. "Haka na ce."

"To."

"Amma na sake tambayarsa, ya ce an yi shuka. Kin kuwa duba ƙafar jakinsa? Busasshen taɓo ne har gwiwa. Ina jaki zai samu taɓo in ba a yi ruwa ba? Ga walƙiyar nan kullum ta wajensu take."

"Me ya hana ka tambaye shi ƙiri-ƙiri?"

"Haba Iya, in tsare kawuna da tambaya kamar alƙali, yana cin abinci?"

Iya ta juyo gare ni. "Ke mai kunnen zomo, me kika ji?"

Na ce, "Na ji ya ce an yi shuka, Iya." Abin da na ji ke nan.

Shawarar Malam ita ce ya ɗauki irin ya tafi garin Kawu, ya ari gona ya shuka a can tun da sauran lokaci, ya zauna ya yi noman farko, in Allah ya sa an samu, a kawo gida da kaka. Iya ta ce a'a. Suka yi ta yi, safe da yamma. Shi ya ce damina tana wucewa, gero yana da kwanakinsa, in aka ƙara jira ko ruwa ya zo ba zai nuna ba. Ita ta ce irin gidan nan a gonar gidan nan ake zuba shi. Ya ce gonar gidan nan ta ci biyu ba ta ce an gode ba. Ana haka yarinyar ta fara zawo, idanunta suka faɗa. Iya ta ɗauke ta ta daɗe tana dubanta. Sai ta miƙo min ita, ta jawo turmi ta kife, ta hau da kanta ta yanke igiyar damin.

A cikin ɗaki muka sussuke shi, a hankali, don kar maƙwabta su ji su zaci abinci ne. Muka sheƙe, muka zuba a ɗan buhu. Ko rabi bai kai ba. Na ce a rage kaɗan a gida. Malam ya ce abin da bai isa gona ɗaya ba ina ya ga rabi biyu. Sungumi ma bai ɗauka ba, ya ce Kawu yana da shi. Ya yi sallar asuba ya ɗora buhun a ka ya fita.

Na taɓa sa Sa'adatu ta nemo min wajen garin Kawu a wayarta. Tsakaninsa da Aujara bai fi faɗin yatsu biyu ba. Na ga ranar da kore ya rufe ɗaya ya bar ɗaya, gefensa a yanke kamar da wuƙa. Na daɗe ina kallon wurin har ta ce, "Hajiya, cajina zai ƙare."

Kwana kaɗan da tafiyar Malam, da azahar, iska ta tsaya cak. Zafin ya zama wani iri, mai nauyi, kamar an kifa maka ƙwarya. Tururuwa suka fito suna ɗibar ƙwai. Sai gabas ta yi ja, jan ya taso kamar bango, bayansa baƙi ƙirin. Ƙura ta fara zuwa, ta cika mana ido da baki, ta ɗauke zanar bayan gida. Sannan na ji shi tun bai iso ba, yana tafe a kan ƙasa kamar garken shanu. Ɗigon farko ya faɗo min a hannu, mai sanyi, babba.

Aka yi ruwa. Ba yayyafi ba, ruwa na sosai, tun azahar har rana ta faɗi. Na fito da tukwane da ƙore da duk abin da zai riƙe ruwa. Ƙamshin ƙasa ya tashi har yana sa jiri. Ina jin mata suna guɗa gida-gida, wani tsoho yana ta kabbara a hanya. Ni ma na yi ta dariya ni kaɗai a tsakar gida, jiƙe sharkaf, har na waiwaya na ga Iya. Tana zaune a bakin ƙofarta, ƙafafunta a cikin ruwa, ba ta janye ba. Idonta yana kan guntun igiyar da ke lilo a saitin murhu. Sai na daina dariyar.

Da gari ya waye kowa ya fita da sungumi. Wani ya tona ƙasa da hannu har gwiwar hannu bai tarar da busasshiya ba. Ruwan shuka ne, wanda aka yi ta roƙo. Gonarmu tana can ta sha ta ƙoshi, mu kuma ko ƙwaya ba mu da ita.

Iya ta ɗauki ƙoƙo ta ce in goya yarinyar in biyo ta. Matar da ko gishiri ba ta taɓa aikawa a ara mata ba, ranar ta shiga gida-gida. Ba ta yi doguwar magana ba, tana shiga za ta ce, "Iri nake nema, ko na cikin tafin hannu ne." Kowa a shukarsa ta uku yake, kowa ƙarshen nasa ne a hannunsa. Wata ta ba mu cikin cokali. Wata ta juya mana baya tana kuka. Matar maƙeri ta ce, "Iya, ina damin nan naku da ake labari?" Iya ta ce, "Ya yi tafiya." Abin da muka tara ya ɗan haura rabin ƙoƙon, gero da maiwa da dawa duk a haɗe, har da 'yan ƙwayoyin wake.

Iya ta saɓa sungumin Malam. Ita take sara, ni nake zubawa, ƙwaya uku-uku don ya yi nisa. Tana sara tana tsayawa tana dafe ƙugu. Kusurwa ɗaya ta gonar muka rufe, irin ya ƙare. Sauran filin yana kwance baƙi, a jiƙe, yana tururi.

Muna gonar muna duba ko ya tsaga, ranar da Malam ya dawo. Shukar maƙwabta ta riga ta fito kamar allurai. Na hango shi daga nesa a kan hanya, kansa babu kaya. Yana tafe yana kallon gonakin mutane dama da hagu, tafiyarsa tana raguwa. Bai shiga gari ba, ya yanko kai tsaye wurinmu. Ya tsuguna a gaban Iya. Leɓɓansa duk sun tsage.

Iya ta ce, "Sannu da hanya. Ka shuka?"

"Babu ruwa a can, Iya. Sun fi mu bushewa. Shukar da Kawu ya ce an yi, an yi ta, ta ƙone tun tuni. Taɓon ƙafar jakin na gindin tafki ne, inda suke tona rami su kwana suna jiran ruwan sha ya tsattsafo."

"To ina irin?"

Sai ya ba mu labari, kansa a ƙasa, yana tsinkar ciyawa. Ya ce da ya isa Kawu ba ya gida, yana wajen tafkin. Matar Kawu ce ta fito, tana ganinsa da buhu a ka ta fashe da kuka. Ta sauke masa da kanta, tana sa masa albarka. Ta ce Kawu ya dawo ya gaya mata hatsi ya je roƙo wurin yayarsa, ya tarar da su cikin rufin asiri, tuwo da kaza, amma kunya ta hana shi buɗe baki. Ta ce ashe kun gane, ashe kun gane, Allah ya bar zumunci. Ya ce kafin ya gama shan ruwan da aka kawo masa ya ji taɓarya. Kafin ya miƙe ta ɗiba ta aika wa maƙwabta biyu da suke da masu jego.

"Ba ka ce mata iri ne ba?"

"Iya, da kin ga yaran. Sun kewaye turmin suna lasar garin da ya faɗo ƙasa."

Ya ce da Kawu ya dawo an riga an dama kunu. Aka kawo musu a zaure. Kawu ya kai ludayi baki, ya tsaya. Warin hayaƙi ya ji. Manomi ne, ya san geron da ake ratayewa a saitin murhu. Ya dubi Malam, Malam ya dubi ƙasa. Kawu ya ajiye ludayin a hankali. Ba su taɓa tayar da maganar ba, har Malam ya yi kwanakinsa yana taya su tonon ruwa ya yi sallama.

Iya ta kau da kai. Tana kallon filin da ba a shuka ba. Can ta ce, "Sun ƙoshi?"

"Sun ƙoshi, Iya."

"To tashi. Je ka sha ruwa, akwai shi yanzu."

Daga nan ruwa bai sake yankewa ba. Shekarar da ta fara da ƙuna ta ƙare da malka, a wuni ana yi a kwana ana yi. Gonarmu ta yi ciyawa har ƙirji, kore shar, ban taɓa ganin ta yi kyau haka ba. 'Yar kusurwarmu ta fito wani dogo wani gajere. Malam ya shiga ƙwadago a gonakin mutane, a biya shi da abin da za a dama da yamma. Wannan tsakanin, kafin sabon gero ya nuna, shi ne mafi wuya, ga ganye ko'ina ga ciki babu komai. Tafasa ɗanye muka yi ta ci har cikinmu ya ɓaci. Yarinyar ta rayu, Allah ya yi da sauran kwananta, yanzu ma tana Takur da jikokinta. Iya ce ba ta kai ba. Na lura rabonta takan tura min ta ce ta ci a ɗaki. Ƙafafunta suka kumbura, in ka danna yatsa ramin ya zauna. Ta rasu ana saura kaɗan a fara gasa tumu.

Aka aika garin Kawu. Ya zo a ƙasa, jakin an sayar. Ya zauna a zaure tare da masu karɓar gaisuwa, a can ƙurya, bai ɗaga ido ya dubi Malam ba. Maƙwabta sun haɗa abin da suka iya, aka yi ɗan fate. Na zuba masa nasa a kwanon baƙi na kai, na durƙusa na ce, "Kawu, ga abinci."

Ya ce, "Azumi nake, 'yar nan."

Ba watan azumi ba ne. Na ɗauke na rufe na ajiye masa. Da aka kira magariba na mayar. Ya karɓi ruwa ya sha, ya ce Allah ya yi albarka, ya tura min kwanon da bayan hannu, ya tashi ya tafi masallaci. Washegari ma azumi yake. Haka ya yi har aka share makoki. Malam ya same shi ya ce, "Kawu, don Allah ko loma ɗaya." Ya ce, "Na ci nawa a gidan nan, Auta."

Kawu ya rayu shekaru bayan haka, ya zo sunan 'ya'yana, ya zo bikinsu. Ruwa kaɗai yake sha a gidanmu.